Baturan da Baba Ya Caja

Ranar da ya fara shiga shagon, filash ɗin kyamararsa, wato fitilar da ke haska hoto, shi ne a hannu ɗaya, batura huɗu a ɗaya hannun. Shagon kayan lantarki ne ɗan matsattse, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Wayoyi a nannaɗe sun rataya a bango, ƙwayayen fitila suna jere cikin kwalayensu, wata ƙaramar fanka tana juya kai a bisa kantar shagon.

Budurwa ce a bayan kantar, ta sunkuya tana ɗaure kan filogi.

"Sannu da aiki," ya ce. "Batir nake so, irin wanda ake yi wa caji. Mai lamba mafi girma."

Ba ta ɗago ba sai da ta gama ɗaurin.

"Na tocila ko na rediyo?"

"Na filash."

"Kullum kake aiki da shi?"

"Wani makon taro ya yi mini yawa, wani makon ko ɗaya babu."

"To ba mai babbar lamba kake nema ba."

Ta sauko da kwali biyu ta ajiye a gabansa. Ta ɗora yatsa a kan na farko. "Wannan yana ɗaukar wuta da yawa, amma ba ya riƙewa. Ka caja shi yau ka jefa a jaka, bayan 'yan makonni ya zubar da rabi ba ka ko taɓa shi ba." Ta matsa ga na biyu. "Wannan lambarsa ƙarama, sai dai ko ya daɗe a ajiye za ka same shi kusan yadda ka bar shi. Mai hoto ba ya sanin ranar da za a kira shi."

Ta miƙa hannu, ya zuba mata tsofaffin nasa. Ta jujjuya su a tafinta.

"Waɗannan ma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Biyu sababbi, ɗaya tsoho, ɗayan kuma Allah kaɗai ya san inda ka tsinto shi."

"A rimot na ciro shi."

"Ga alama." Ta ɗan yi murmushi. "Filash batir huɗu yake ci a tare. Idan ɗaya ya gaji, sauran ukun sai su yi ta jan shi har su ma su gaji. Huɗun da ka saya tare, ka caja su tare, ka yi aiki da su tare."

Ya sayi kashi biyu, da caja mai kula da kowane batir shi kaɗai. Ta buɗe jakarta ta ciro jan farce, ta ɗiga wa huɗu ja, huɗu ruwan hoda, don kada ya gauraya su.

"Ashe injiniya na samu," ya ce.

"Mai sayarwa dai."

Sunan bai bar ta ba tun daga ranar. Ita kuma ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Mai hoto.

Ya dawo bayan kwana kaɗan wai yana neman fis. Ya sake dawowa wai waya. A zuwa na gaba ya tsaya yana kallon kwalayen bango, ya rasa abin da zai ce yana nema.

"Yau me ya lalace?" ta tambaye shi.

"Ba komai. Lambar wayarki ce ba ni da ita."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta karɓi wayarsa ta rubuta, ta koma kan aikinta kamar canji ta ba shi.

Saƙonsa na farko da yamma ya shigo.

"Injiniya, jajayen sun kai ni ƙarshen taro ba su yi nishi ba. Na gode."

"Ka bar su su huce kafin ka saka a caja. Batir mai zafi ba ya son caji."

"Ni ma na dawo da zafi. Wa zai ce in huta?"

"Ka huta."

"Shi ke nan?"

"Ka huta, Mai hotona."

Ya karanta wannan kalma ta ƙarshe fiye da yadda take buƙata.

Haka abin ya tafi, ba gaggawa. Yakan biyo ta shagon idan ya tashi daga wurin wankin hoto, ya nuna mata abin da ya ɗauka. Ba ta yabo da arha. Takan ce, "Wannan tsohuwar ka ba ta haske da yawa," ko kuma, "Wannan kam ka kyauta." Wata rana ya ɗaga kyamara zai ɗauke ta, ta kare fuska da kwalin ƙwan fitila.

"Sai ranar da ka sami izini."

"Izinin wa?"

"Ka san na wa."

Baba, mahaifinta, shi ne mai shagon. Tun da gwiwa ta fara damunsa ya bar mata kantar shagon, shi kuma yakan zo bayan azahar ya zauna a kujerar bakin ƙofa da rediyonsa. Sunan mahaifiyarsa ya ba ta, don haka Uwata yake ce mata. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma ba abin da ke wucewa ta ƙofar nan bai gani ba. Ya ga mai hoto. Ya kuma ga katan-katan na batura masu babbar lamba da ke jibge a ƙarƙashin kanta ba sa raguwa.

Dila ne ya kawo su. Ɗan tsohon aminin Baba ne, shi ke saro wa shagon kaya, kuma kowa ya san ba kaya kaɗai ke kawo shi ba. Yana da fara'a da saurin baki, turarensa kan riga shi shigowa.

"Ranki ya daɗe, manaja," yakan ce mata. "Kin hana kayana fita. Mutum ya zo da ƙafarsa yana neman babba, ki ce masa ƙarami ya fi. A wace kasuwa ake haka?"

"A wadda ake son ya sake dawowa."

"Baba, ka ji ta ko? Idan ta zo gidana zan buɗe mata makaranta."

Baba ya yi dariyar da ba ya yi wa kowa.

Ranar da Umma ta kai masa maganar mai hoto, yana cire takalmi ne a falo. Ya gama cirewa, ya jera su.

"Wanda sana'arsa bin taron mutane?"

"Sana'a ce dai, Malam," in ji Umma.

"Yau a nan, gobe a can. Ranar da ba wanda ya yi taro fa? Ga yaron nan mai kawo mana kaya, mun san ubansa, mun san gidansu." Ya juya ga 'yarsa, wadda ke tsaye a bakin labule. "Kuma tun da ya fara zuwa kika ƙara taurin kai a kan kayan nan."

"Baba, tun kafin ya zo nake faɗa. Ba sa riƙe caji."

"Lamba tana jikinsu a rubuce, Uwata. Ba ni na rubuta ba."

Maganar ta tsaya a nan. Umma ba ta ja ba. Takan bar magana ta kwana biyu, sannan ta sake ajiye ta kusa da shi tare da shayi.

Auta ce ta buɗe ƙofar ba da niyya ba. Ita ce ƙanwar Injiniya, tana gab da kammala makarantar koyon aikin jinya, ita ce kuma ta farko a gidan da za ta hau dandamali ta karɓi takardar shaida. Baba ya riga ya sayi firam, ya buga ƙusa a bangon shago, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Hoto ɗaya yake so: lokacin da ake miƙa mata takardar.

"Ga Yaya da mai hoto a hannu," in ji Auta, "za a je a nemo na waje?"



"Ya zo ya ɗauka," in ji Baba. "Sai in ga aikin nasa."

Injiniya ta tura saƙo tun kafin ta bar falon.

"Baba ya ce kai za ka ɗauki Auta. Ka gane abin da hakan yake nufi?"

"Na gane. Har tsoro ya fara kama ni."

"Kar ya kama ka. Zauren nan duhu ne, na taɓa shiga. Filash ne zai yi aikin."

"Ina da injiniya, me zan ji tsoro?"

"Ka ji tsoron Baba."

Saura 'yan makonni taron, mai hoto ya biyo ta shago ya tarar ba ta nan, ta raka Umma asibitin ido. Baba ne a bayan kanta. Mai hoto ya durƙusa ya gaishe shi, yana shirin juyawa, Baba ya ce, "Tsaya."

Ya jawo aljihun tebur ya ciro ƙaramin akwatin roba. Batura huɗu ne a ciki, masu babbar lamba.

"Na ji ana ce muku waɗannan ba su da kyau. Ni da hannuna na caja su, cike suke. Ka ajiye su sai ranar Auta, ka saka ka gani."

Mai hoto ya kai hannu aljihu.

"Ban ce ka biya ba."

Wannan ne abu na farko da tsohon ya taɓa ba shi, ban da amsa gaisuwa. Ya karɓa da hannu biyu.

A ɗakinsa ya saka su a filash ya gwada. Suka yi aiki tsaf, ƙaramar fitilar baya ta kunnu nan da nan. Ya mayar da su akwatinsu. Bai faɗa wa Injiniya ba, don ya san abin da za ta ce, ya kuma san za ta je ta faɗa wa Baba, su sake hawa gardamar da shi ne zai fi kowa asara a cikinta.

Ana gobe taro ya jera kayansa a kan gado. Ya caja jajaye, ya caja ruwan hoda. Ya ɗauki akwatin Baba ya buɗe, ya dubi caja. Ba wanda zai gan shi. Amma sai ya ji kamar dattijo ne ya ba shi amana a ƙulle, shi kuma ya juya baya yana kwancewa don ya tabbatar. Mutumin ya ce cike suke. Ya rufe akwatin.

Zauren makarantar kamar yadda ta faɗa yake. Tagogi a can sama, labule masu kauri, rabin fitilun rufi a mace. Iyaye sun cika kujeru, ɗalibai cikin fararen kaya sun yi layi a gefen bango. Baba ya zo da babbar rigarsa, ya ratso har inda masu hoto suke tsaye.

"Baturan nawa ne a ciki?" ya tambaya a hankali.

"Su ne, Baba."

Baba ya gyaɗa kai, ya koma ya zauna a layin gaba.

Aka fara kiran suna. Mai hoto ya gwada a kan ɗalibar farko, haske ya fita da kyau. Ya gwada a kan wata, ya fita. Sai dai fitilar baya, wadda ke nuna filash ya sake cika, ta fara jinkiri. Ɗan kukan da filash ke yi idan yana jan wuta ya yi tsawo, ya yi siriri. Ya daina gwaji. Ya taɓa aljihun da jajaye suke. Ya dubi layi, mutum biyu ne a gaban Auta. Ya dubi Baba, Baba shi yake kallo.

Ya yi gwaji ɗaya na ƙarshe don ya daidaita nisa, kuma wannan ne kuskuren.

Aka kira Auta. Ta hau matakala, ta miƙa hannu, shugabar makaranta ta ɗora mata takardar. Ya danna. Kyamara ta yi ƙara, haske bai fito ba. Ya sake dannawa. Lokacin da fitilar baya ta kunnu, Auta tana sauka ta ɗaya gefen, wata ce a kan dandamali.

A fuskar kyamara ba abin da ake gani sai wani farin abu a cikin duhu.

Ya canza batura a tsugune. Waɗanda ya cire ya zura su cikin aljihun wando. A waje ya ɗauki Auta da takardarta, da Umma, da ƙawayenta, hotuna masu kyau ƙwarai. Baba bai shiga ko ɗaya ba, sai dai ya ce, "Nuna mini na ciki." Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya mayar masa da kyamarar.

Dila, wanda ya kawo su Baba a motarsa, ya leƙa ta kafaɗar Baba. "Ayya. Filash ɗin ne ya tsufa, ɗan'uwa. Kayan aiki sai ana sabuntawa."

Injiniya ta same shi a bayan motoci yana naɗe igiyar kyamara.

"Waɗanne ka saka?"

"Laifina ne."

"Ban tambaye ka laifin wa ba."

"Ban duba su ba kafin in fito."

Ta tsaya tana kallonsa. A iya saninta batura takwas gare shi, duk ita ta zaɓa, ita ta ɗiga musu launi.

"Rana ɗaya," ta ce. "Rana ɗaya tak na roƙe ka. Ka manta ka caja."

Bai ce a'a ba. Ta juya ta shiga motar Dila tare da sauran.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ki ba Auta haƙuri. Ki yi haƙuri ke ma, Injiniyata."

Ta karanta ba ta amsa ba. Washegari ya sake turowa.

"Na tambayi sauran masu hoton da ke zauren. Ba wanda ya ɗauke ta, kowa nasa yake jira."

"Ba hoton ne ya fi ci mini rai ba," ta rubuta. "Na tsaya a gaban Baba na ce kai mutum ne mai kula. Yanzu me zan ce?"

"Kar ki ce komai."

"Haka zan yi."

Shago ya koma yadda yake kafin ya fara zuwa. Ƙusar tana bango ba komai a jikinta. Auta ta ce ita ba ta damu ba, na waje ma sun fi kyau, amma ba wanda ya saurare ta. Dila ya ƙara yawan zuwa. Babansa ya aiko a tambayi ranar da manya za su zo, Baba ya ce a ɗan dakata.

Abin da Baba yake jira daban ne. Ya san abin da ke cikin filash ɗin, don shi ya tambaya, aka kuma ba shi amsa. Ya tabbata yaron zai kare kansa, zai faɗa wa Uwata, ita kuma za ta shigo falo da maganar a bakinta. Har ya shirya abin da zai mayar mata. Kwanaki suka wuce. Tana kawo masa shayi, tana buɗe shago, tana rufewa, idonta a kumbure wasu safiyoyin, ba ta ce komai ba.

Wata rana ya gwada ta. "Yaron nan bai faɗa miki abin da ya sami filash ɗinsa ba?"

"Sakaci ne, Baba. Bai caja ba. Kai ka fi ni gaskiya."

Baba ya rage muryar rediyo. Bai ji daɗin gaskiyar da aka ba shi ba.

Ranar da ya caja waɗancan huɗun, ya caja wasu huɗu don tocilarsa, suna nan a aljihun tebur bai taɓa su ba. Ya jira ta fita sallah, ya ɗauko 'yar na'urar gwajin da take amfani da ita, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya ga tana yi. Allurar ta ɗaga kaɗan ta kwanta.

Dila ya shigo ya same shi a haka. Baba ya nuna masa allurar.

"Ai Baba irin waɗannan sai an sake caja su ana gobe aiki," in ji Dila. "Shi da yake sana'ar ai ya kamata ya sani."

"Kai ka sani lokacin da ka kawo mini?"

"To, ba a tambaye ni ba." Ya yi dariya. "Ka sa manaja ta sassauta, mu fitar da sauran kafin maganar ta bazu. Masu tocila ba za su gane ba."

Baba ya kwashe baturan ya mayar aljihun tebur. "Ka gaida babanka," ya ce.

Da Injiniya ta dawo, ta tarar ya jawo katan ɗin daga ƙarƙashin kanta, yana zaune a kai.

"Uwata, waɗannan za a mayar."

"To, Baba."

"Na ba yaron nan huɗu daga ciki, ranar da kuka je asibiti. Na ce ya saka ranar Auta. Na ce masa cike suke." Yana magana yana kallon titi. "Da su ya shiga zauren."

Ta ajiye jakarta a hankali a bisa kantar shagon.

"Bai faɗa mini ba."

"Na ga alama." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Ni ma bai faɗa mini ba, alhali ni da shi mun sani. Ki ce masa ina nemansa."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa mai hoto.

"Baba ya faɗa mini."



"Da bai faɗa ba."

"Ka bar ni ina ce maka mai sakaci."

"Ai na yi sakacin. Caja tana gabana, na ƙi sakawa."

"Me ya hana ka?"

"Kunya. Ya ce da hannunsa ya caja."

"Ni kuma me ya hana ka faɗa mini?"

"Babanki ne. Gara ki yi fushi da ni, ni ina iya jira."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta rubuta, "Kai wawa ne, Mai hotona."

"Na karɓa. Zan iya zuwa in sayi fis?"

"Baba ke nemanka. Ka zo da riga mai kyau."

Ya zo bayan la'asar. Baba ya sa aka kawo masa kujera kusa da tasa a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi wa Dila ba, don Dila ba ya zama. Injiniya ta shige can cikin shago tana jera abin da yake a jere.

"Ka san ba sa riƙe caji?" Baba ya tambaya.

"An faɗa mini, Baba."

"Ka sani, ka saka."

"Na'am."

"Ka jawo mini asarar hoton da ba za a sake ba."

"Haka ne."

"Ni da kai muka jawo." Baba ya gyara zama. "Sana'ar nan taka, tana ciyar da mutum biyu?"

Mai hoto ya faɗa masa yadda take, ba ƙari. Ya ce akwai watannin da aiki ke yawa, akwai na zama, kuma ya fara karɓar hoton makarantu da na katin shaida don cike na zaman. Baba ya yi tambayoyi, ya saurara, ya sake tambaya. Aka kira magariba suna zaune.

"Wa ke gare ka a manya?"

"Kawuna ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu."

"Ka ce masa ƙofa a buɗe take."

Wani kwali ya faɗo a cikin shago. Ba wanda ya waiwaya.

Baban Dila ya ji zafi, ya yi wata guda bai kira ba, daga baya ya kira. Dila da kansa ya zo ya kwashe katan-katan ɗinsa, ya ce wa Injiniya, "Manaja, kin yi asarar mota," ta ce Allah ya ba mai rabo. Auta ta zaɓi ɗaya daga hotunan waje, wanda take dariya Umma na gyara mata hula, ta saka a firam ta rataya da kanta ba ta nemi izini ba. Baba ya duba ya ce bai yi daidai ba, ya karkata hagu. Ya miƙe ya gyara.

An ɗaura auren da safe, bayan damina. Jama'a ba su yi yawa ba, amma duk wanda ya kamata ya zo ya zo, har mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Wani abokin sana'ar ango ne ya riƙe kyamara. Auta ta ce duk ranar ango bai san inda zai ajiye hannuwansa ba.

Ana cikin hidima saƙo ya shigo wayar amarya.

"An ɗaura. Yanzu ke tawa ce, Injiniyata."

"Na ji. Umma ta shigo tana kuka tana dariya."

"Ke fa?"

"Ni dariyar kawai. Kukan sai an jima."

Da yamma, kafin a tafi da ita, Baba ya sa aka kira su biyun falo. Suka durƙusa a gabansa. Umma tana gefe, Auta a bakin labule. Ya yi wa 'yarsa nasiha gajeriya, ta haƙuri da riƙon amana, ya ce ta rage gardama ko da ita ce da gaskiya, sannan ya ce a'a, kar ta rage duka.

Ya juya ga angon.

"Kai kuma. Daga yau, in na ba ka abu, ka duba. In na faɗi abin da ba haka ba, ka ce Baba ba haka ba ne. Da can baƙo kake, na karɓi kunyarka. Yanzu ba na so."

"To, Baba."

"Ka ce to, ko kunyar ce dai?"

Ango ya ɗago kai kaɗan. "Rabi da rabi, Baba."

Umma ta yi dariya cikin hawaye. Baba ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kafaɗar mijinta.

"Allah ya sa albarka a tsakaninku. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa wa wasu. Ku tashi ku je."

Suka ce amin. Ita ce ta kasa tashi, sai da mijinta ya miƙa mata hannu.